Mota tana shan ruwa, ƙasa kuma a bushe: ina ruwan lagireto yake tafiya?

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, akwai ƙorafin da ke yawaita a bakin gareji: "Malam, motar nan tana shan ruwa." Mutum ya cika lagireto ranar Asabar, kafin Laraba ruwa ya ja baya. Ya duƙa ya leƙa inda motar ta kwana, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Ya je wurin bakanike, tun bai rufe baki ba an ce masa gasket ne, sai an sauke tof. Ya ƙara gaba, na biyu ya ce lagireto ne ya toshe. Na uku ya ce ai yanayin garinmu ne, a cire tamostat a haɗa fanka dairek, shi ke nan.

Kowannensu zai iya dacewa a wata motar. Sai dai amsoshin nan uku sun yi hannun riga a wajen kuɗi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun kai tsadar da kuskure ɗaya zai iya cinye abin da mai tasi ya yi makonni yana tarawa. Shi ya sa kafin a kwance ko noti ɗaya, ya kamata mai mota ya ji ta ina ake zargin ruwan yana fita, kuma da me aka tabbatar.

## Hanyar da ruwan yake bi

Fetur ɗin da ke ƙonewa a cikin silinda ba duka yake zama gudu ba. Wani kaso na zafinsa yana bin salansa, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ruwa ne ke kwashe shi daga jikin ƙarfe. Famfon ruwa ne ke tura shi ta ramukan da aka bari a cikin bulok, wato gangar jikin inji, ya hau zuwa tof silinda, wato kan injin. Idan ya yi zafi yadda ake so, galibi tsakanin digiri 80 zuwa 90, sai tamostat ya buɗe masa hanya ya tafi lagireto, iska da fanka su huce shi, ya dawo. Wani reshe kuma yana shiga cikin ɗakin mota, bayan dashbod, inda hita take. Tsakanin tof da bulok akwai gasket, wani siririn faifai da ke raba maƙwabta uku da ba a so su haɗu: wutar silinda, baƙin mai, da ruwa.

Ƙaramar mota kan ɗauki lita 5 zuwa 7, kuma hanyar a rufe take. Inji ba ya shan ruwa kamar yadda yake shan mai. Motar da komai nata yake lafiya za ta yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Duk wanda ya saba ƙara leda biyu ta fiya wata kowace safiya, ya ɗauka hakan ɗabi'ar tsohuwar mota ce, to yoyo yake reno.

Idan kuwa ya ragu, mafitarsa uku ce kawai: ko ya tsiyaye waje, ko ya shiga inda ba gidansa ba a cikin motar, ko kuma wani abu ya tunkuɗo shi ta murfi.

## Murfin da ake rainawa

A kan murfin lagireto akwai lamba. A yawancin motocin Japan 0.9 ce ko 1.1, a na Jamus kuma takan kai 1.4 har zuwa 2.0. Wannan lamba tana nuna ƙarfin matsin da murfin zai riƙe kafin ya saki, a ma'aunin da ake kira bar. Bar ɗaya kusan rabin iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota ne.

Amfanin matsin shi ne hana tafasa. Zallan ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, idan a gaɓar teku ne. A Kano da ke da ɗan tudu yana tafasa kafin nan kaɗan, a Jos kuwa, da tsayinta ya kai kimanin mita 1,200, wajen digiri 96 ya ishe shi. Amma idan aka rufe shi da matsin bar ɗaya, sai ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Injinan zamani suna aiki tsakanin 90 zuwa 105. Ke nan motar da murfinta ya saki jiki tana tafiya ne a bakin tafasa. A cikin gari da safe ba za a ga komai ba. Ranar da ta ɗauko kaya ta fuskanci Hawan Kibo a hanyar Jos, ko ta maƙale a cunkoso da rana tsaka ga esi a kunne, ruwan zai tafasa ya fita ta siririn tiyon ambaliya a matsayin tururi, a kan titi, inda babu mai gani. A dawo gida, ƙasa a bushe.

Murfin yana da aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. A motocin da murfi yake kan lagireto, kamar yawancin Toyota da Honda na da, ruwan da ya kumbura saboda zafi yana tafiya cikin 'yar robar ajiya da ke gefe. Idan inji ya huce, wani ƙaramin bawul a cikin murfin ne ke buɗewa a zuƙo ruwan ya koma. In bawul ɗin ya maƙale, ko siririn tiyon ya tsage yana jan iska, ruwa zai riƙa fita ba ya komawa. Sakamakon abin mamaki ne: roba cike maƙil, lagireto kuma rabi. Mai mota yana duba roba kullum yana ganin lafiya lau, alhali injin yana ƙishi. A Golf da Sharan da Peugeot na baya-bayan nan tsarin daban ne, robar ce kanta take ɗauke da matsi da murfi, don haka tsagar da ba ta fi silin gashi ba a jikinta ta isa ta zubar da ruwa.

Murfi yana cikin mafi arahar kayan da ke hanyar ruwa. Wanda za a saya dai lambarsa ta yi daidai da ta asali. Mai lambar da ta zarce zai matsa wa tsofaffin tiyo su fashe.

## Shin ruwan ya ragu kuwa?

Ruwa yana kumbura da zafi, yana komawa da sanyi. Wanda ya duba da yamma bayan tafiya, ya sake dubawa da asuba, zai ga bambanci ko babu yoyo. Awon gaskiya da safe ake yi, kafin a tayar da inji, mota kuma a shimfiɗaɗɗen wuri. A yi alama da biro a jikin robar, a rubuta lambar kilomita, a sake dubawa bayan kwana uku. Wanda ke cika roba har baki, ya wuce layin sama, shi ma zai ga tana zubar da rarar, ya ɗauka ciwo ne.

Bayan an zubar da ruwa an sake cikawa, iska kan maƙale a wani lungu. Idan ta fita, ruwa zai sauka sau ɗaya ko biyu a kwanakin farko, sannan ya tsaya. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin ɓangaren fasinja idan esi na aiki kuwa raɓa ce, fari tas, ba wari ba yauƙi, kuma ba shi da alaƙa da lagireto.

## Yoyon da ba ya taɓa ƙasa

Nan ne akasarin ruɗanin yake. Yawancin ƙananan yoyo ba sa buɗewa sai ruwa ya yi zafi, matsi ya taru. A lokacin kuwa mota tana kan hanya, ɗigon kuma yana sauka ne a kan ƙarfen da ya fi digiri 100 zafi, sai ya ƙafe nan take. Da an kashe mota ta huce, ramin ya tsuke. Akwai kuma akasin haka: tsohon tiyo da kilif ɗinsa ya saki yana tsattsafa da sanyin asuba, ya daina idan ƙarfe ya kumbura. Motocin da ke da faifan roba a ƙarƙashin inji kuma suna tare ɗigon ya bushe a can.

Abin da ake nema sawu ne. Kulant, wato ruwan kala na musamman da ake zubawa a lagireto, yana barin busasshen gari fari, ko kore, ko ruwan hoda, a inda ya tsattsafo. Zallan ruwa yana barin layin tsatsa. Ƙurar hunturu ma tana taimakawa, domin takan manne ta yi dabbare a daidai wurin da ke da danshi. Wasu bakanikai sukan wanke inji, su bari ya bushe, su barbaɗa hoda a wuraren da suke zargi, a zaga gari a dawo a ga inda ta jiƙe.

Wuraren da aka fi kama ɓarawon sanannu ne. Lagireton zamani tsakiyarsa alminiyam ne, sama da ƙasa ko gefe da gefe kuma roba, a daidai maɗaurin nan yake fara gumi. Famfon ruwa yana da ɗan rami da aka bari da gangan domin ya nuna idan sil ɗinsa ya mutu, sai dai a injinan da famfon yake bayan murfin taimin bel ba a ganin ramin sai an kwance. Golf da 'yan uwanta an san su da fashewar bakin roba da ke manne a gefen tof. A jikin bulok kuma akwai wasu marafan ƙarfe masu kama da kwabo, waɗanda tsatsa kan huda daga ciki, wasunsu ma suna ɓoye tsakanin inji da giyabos.

Hita ita ce aka fi mantawa da ita, tunda a ƙasarmu ba kasafai ake kunna ta ba sai a 'yan makonnin sanyi. A motoci da yawa ruwa yana ratsa ta ko an kunna ko ba a kunna ba. Idan ta huje, kafet ɗin gaba ne zai sha ruwan. Alamarta danshi a ƙarƙashin tabarmar fasinja, wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, da hazo mai maiƙo a gilashin gaba. Canza ta aiki ne, domin sau da yawa sai an sauke dashbod, shi ya sa da yawa ke zaɓar a haɗe tiyo biyun a kewaye ta. Wannan yana tsayar da yoyon, asarar kawai ita ce babu iska mai ɗumi da za ta share gilashi da damina.

Akwai sabon wuri da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Motocin da aka mayar su koma amfani da iskar gas ta CNG suna da na'urar rage ƙarfin gas ɗin, wanda ke fitowa daga tukunya da matsin kusan bar 200. Gas yana yin sanyi ƙwarai idan aka sassauta masa matsi, saboda haka ana janyo ruwan inji mai zafi ya ratsa na'urar don kada ta daskare. Yin hakan na nufin an yanka tiyon hita an ƙara mahaɗai da kilif-kilif. Duk motar da ta fara shan ruwa jim kaɗan bayan wannan aiki, daga nan ya dace a fara dubawa.

## Idan ciki yake shiga

Gasket ba iri ɗaya yake mutuwa ba, kuma rashin sanin haka ne ke sa a yi kuskure ta fuska biyu. Wani bakanike zai zaro sandar baƙin mai, ya ga man bai yi fari ba, ya ce gasket lafiya. Wani kuma zai ga farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai ya ce an gama. Duk biyun hujjarsu ba ta cika ba.

Idan gasket ya tsage tsakanin ruwa da mai, a nan ne man ke komawa kamar shayi da madara, ya kuma ƙaru a jikin sanda. Wannan ba a tafiya da shi, domin gurɓataccen mai ba ya kare metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, inji zai buga. Amma ɗan farin maiƙo a murfi kaɗai yakan zo daga raɓa, musamman a motar da ba ta wuce kai yara makaranta a dawo, ba ta yin zafin da zai ƙone danshi.

Tsagar da ta fi wahalar ganewa ita ce ta tsakanin silinda da hanyar ruwa, kuma ita sau da yawa ba ta taɓa launin mai. Lokacin da inji ke aiki, matsin cikin silinda ya ninka na hanyar ruwa sau gommai, don haka hayaƙi ne ke kutsawa cikin ruwan. Sai matsi ya fi ƙarfin murfi, ruwa ya yi ambaliya ta roba a kan hanya. Idan aka kashe mota, lamarin ya juya: silinda ba matsi, hanyar ruwa kuma tana da saura, sai ruwan ya riƙa tsattsafawa kan fistin cikin dare. Da safe injin zai tashi yana rawa na 'yan daƙiƙu har ya ƙone ruwan, sannan ya daidaita. Idan aka kwance fulogogi, za a ga ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, sauran da tokarsu. In ruwan da ya taru ya yi yawa, fistin zai tarar da abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe a bugun farko.

Farin hayaƙi ma sai an bambance. Tururin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace bayan minti kaɗan ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi. Ƙaramar tsaga kuma tana iya ƙone ruwa a hankali ba tare da ido ya ga hayaƙi ba.

Ba gasket kaɗai ke kai ruwa ciki ba. A motoci masu giya otomatik, man giya yana ratsa wani bututu a cikin lagireto domin ya huce. Idan bututun ya fashe, ruwa da man giya su cakuɗe su koma kamar madarar da aka zuba wa jan kala, kuma giyabos ce ke biyan bashin. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna a wannan. Injinan da ke da na'urar sanyaya baƙin mai suna iya tura mai cikin roba, a gan shi yana yawo a saman ruwa, alhali gasket lafiyarsa ƙalau. A motocin dizal na zamani akwai na'urar da ke huce hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, in ta huje ruwa yana bin salansa ba sawu.

Wasu motocin ma ciwon gado ne. Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin lita 2.4, wadda ake kira Big Daddy, an san haƙoran ramukan notunan tof ɗinta suna cinyewa a cikin bulok na alminiyam, musamman na baya, sai tof ya ɗan ɗaga ruwa ya riƙa tsattsafowa a bayan inji ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke shigar da iska cikin inji. Kamfanin ya fitar da hanyar gyara, wato a dasa sababbin haƙora na ƙarfe a ramukan. Wanda ya canza gasket kawai ya ɗaure a kan cinyayyun haƙora, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Civic ta 2006 zuwa 2008 mai lita 1.8 kuwa wasunsu bulok ne ke tsagewa, har Honda ta ƙara wa'adin garantinsu zuwa shekara 10 a Amurka. Wa'adin ya daɗe da cika.

## Gwajin da ke raba gardama

Akwai abin da mai mota zai yi da kansa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da zarar ya dawo daga tafiya, ba sai dare ba. Da safe, inji na da sanyi sarai, ya matsa babban tiyon sama, ya ji laushinsa, sannan ya tayar da mota. Idan cikin minti ɗaya ko biyu tiyon ya yi tauri kamar taya, tun ruwa bai ko ɗumi ba, to wani abu ne ke hura shi daga silinda. Haka idan aka buɗe murfi da sanyi aka tayar, aka ga kumfa na tasowa a jere ba ta yankewa. Da sanyi kawai ake wannan. Buɗe murfi da zafi yana sa ruwan da ya haura digiri 100 ya tafasa gaba ɗaya ya feso fuska.

A gareji, gwajin farko shi ne na matsi. Wani ƙaramin famfon hannu ne mai agogo, ana ɗaura shi a mazaunin murfi, a hura zuwa lambar da ke kan murfin, a jira minti 15 zuwa 20. Idan allura ta sauka, akwai yoyo, kuma tunda inji a kashe yake da sanyi, ɗigon ba zai ƙafe ba, za a gan shi. Idan allura ta sauka ba a ga komai a waje ba, sai hankali ya koma kafet, da mai, da cikin silinda. Da wannan famfon ake gwada murfin shi ma. Akwai kuma wani rini da ake zubawa a ruwa, a yi kwana biyu ana hawa, sannan a haska da fitila ta musamman, duk inda ya tsattsafo sai ya yi ƙyalli.

Na gasket shi ne gwajin shuɗin ruwa. Ana ɗora kwalba a bakin lagireto inji na aiki, a zuƙo iskar da ke sama ta ratsa wani shuɗin sinadari. In akwai hayaƙin silinda, sai ya koma rawaya. Idan ya canza, hujja ce mai ƙarfi. Idan bai canza ba, ba a wanke gasket gaba ɗaya ba, domin akwai tsagar da ba ta buɗewa sai mota na jan kaya a hawa. A irin wannan ne ake hura iska cikin kowace silinda ta ramin fulogi a ga ko kumfa za ta fito a lagireto, ko a bar matsi ya kwana a zura 'yar kyamara da safe a nemi ɗigo a kan fistin. Na'urar karanta kwamfutar mota tana iya nuna silindar da ke tsallake wuta, amma ba ta ganin yoyo.

Ba kowane gareji ke da waɗannan kayan ba, kuma akwai tsofaffin hannu da ke gane ciwo da ido da hanci su dace. Bambancin shi ne sauke tof aiki ne da ba a mayar da shi kyauta. Kuɗin gwaji ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da gasket, da notuna, da sabon mai, da kuɗin aiki, da kwanakin da motar haya za ta yi ba ta kawo komai ba.

## Zallan ruwa ko kulant, da batun tamostat

Masu zuba zallan ruwa suna da hujja. Ruwa ya fi kulant ɗaukar zafi, wannan gaskiya ne. Ba mu da ƙanƙara, alhali haɗin rabin kulant da rabin ruwa an yi shi ne ya jure sanyi har digiri 37 ƙasa da sifili. Ga araha, ga samuwa a ko'ina, ga kuma fargabar sayen ruwan kala a jarka da sunan kulant. Ko batun tafasa da ake yawan kawowa bai kai yadda ake zuzuta shi ba: sinadarin yana ƙara kimanin digiri 7 ne, murfi mai kyau kuwa wajen 20.

Inda ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfi shi ne tsatsa. A hanyar ruwa akwai alminiyam da baƙin ƙarfe da sauransu, zallan ruwa mai zafi kuma yana cin su. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ya toshe siraran bututun lagireto. Marafan bulok da suka huje, da fukafukan famfo da suka cinye, da bakin tof da ya zaizaye, yawanci ribar shekarun zallan ruwa ce. Kulant na ɗauke da magungunan hana wannan, kuma suna ƙarewa: tsohon nau'i, kore, kamar shekara biyu, na zamani kamar biyar. Launi rini ne kawai, ba shi ke nuna nau'i ba, sai an karanta jikin jarka da littafin mota. Idan kulant ɗin mai kauri ne da ake sirkawa, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir ake sirka shi, ba mai asid ɗin ba. Wanda ya daɗe a kan zallan ruwa ya koma kulant, ya ga yoyo ya bayyana, yakan zargi kulant ɗin. Sau da yawa ramin yana nan tuntuni, launi ne ya tona shi.

Cire tamostat ma yana da asali. Tamostat da ya maƙale a rufe yana ƙona inji cikin 'yan mintuna, kuma direban da hakan ta taɓa samu a dajin da ba gareji ba zai so ya sake ganinsa ba. Sai dai injin da aka cire masa yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta kuma tana ƙara masa mai muddin tana ganin sanyi. A wasu injinan tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya, in babu shi sai wani kason ruwan ya riƙa zagayawa bai je lagireto ba. Dangane da shan ruwa kuwa, cire shi ko haɗa fanka dairek ba ya toshe rami ko ɗaya. Yana dai danne allurar zafi ta dashbod, ya jinkirta ranar da za a gane.

Allurar ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. Na'urar auna zafi a cikin ruwa take zaune. Idan ruwa ya sauka ya bar ta a iska, tana iya nuna daidai ko ma ƙasa, alhali tof yana gasuwa. Allurar da ta hau sama sannan ta faɗo da kanta ba a yi komai ba, dalilin tsayawa ce a gefen titi. Idan an tsaya kuma a bar inji ya huce kafin a zuba ruwa, domin ruwan sanyi a kan tof mai zafi yana iya tsaga shi.

## Ƙwai, garin toshe yoyo, da abin da ke biyo bayan gyara

Direbobin dogon zango sun san dabarar fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, a shaguna kuma ana sayar da gari da ruwan toshe yoyo. Suna iya kai mota gari idan ramin ƙarami ne a lagireto. Ba su san bambancin rami da siririn bututu ba, don haka yawansu yana toshe hita da lagireton kansa, a yi gyaran gangar Auzinawa. Tsagar da hayaƙin silinda ke bugawa kuwa da wuya su riƙe ta na dogon lokaci.

Idan gwaji ya tabbatar gasket ne, akwai sauran tambaya: me ya ƙona shi? Galibi zafi ne, zafin kuma daga wani ƙaramin yoyo, ko fanka da ta mutu, ko lagireton da ya toshe ya faro. In ba a gano shi ba, sabon gasket zai bi sawun tsohon. Tof ɗin ma sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna, domin karkatar da ta wuce kimanin kaurin gashin kai ta isa ta hana shi zama, sannan a duba ko ya tsage. Notunansa da sifana mai awo ake ɗaure su, bi da bi yadda littafi ya tsara, kuma a injina da yawa ba a maimaita tsofaffin.

Tsohon kulant da aka zubar kada a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ko a tsohuwar gorar lemo. Yana da zaƙi, yana kuma lalata ƙoda, ɗan kaɗan ya isa ya halaka yaro ko akuya ko kyanwa.

Bayan an karɓo mota, a cika ruwa zuwa layi da safe, a sake yin alamar biro. Saukar kwana biyun farko ta iska ce, a ƙara a sabunta alamar. Daga nan a ba ta kwana goma, ciki har da tafiya ɗaya mai nisa da esi a kunne. Mai motar da ya yi yarjejeniya da bakanike tun farko cewa cikon kuɗin aiki sai bayan waɗannan kwanaki, yana da abin nunawa a jikin roba idan ruwan ya sake ja baya.